Ɓeran da Ake Kayarwa Dominmu

A shekara ta 1985 Anthony Barker ya nuna a birnin Shefil na Ingila cewa za a iya motsa ƙwaƙwalwar mutum ba tare da an fasa kai ba. Naɗaɗɗiyar waya ake ɗorawa bisa kai, a saki lantarki cikinta na ƙiftawar ido, ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai ya taɓa jijiyoyi. In ana bugawa sannu-sannu, kamar sau ɗaya a daƙiƙa, jijiyoyin sukan lafa. Da yake farfaɗiya rikicewar waɗannan jijiyoyi ce, sai masu bincike suka shiga gwada hanyar a kan ɓeraye.

Sau da yawa ɓeran lafiyarsa ƙalau. Allurar sinadari irin su pilocarpine ake yi masa har ya faɗi yana shure-shure, sa'an nan a gwada maganaɗisu. A wasu gwaje-gwajen faɗuwar ta ragu, a kan mutane kuwa sakamakon bai tsaya ba tukuna. Shin ya halatta mu ɗora wa halittar Allah ciwon da ba nata ba?

Katikizim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba 2417 da 2418, ya yarda da gwaji a kan dabbobi muddin bai wuce kima ba, kuma yana taimakon kula da ran ɗan Adam ko cetonsa. Ya kuma ce azabtar da dabba a banza zubar da mutuncin mutum ne. Mun yarda da wannan. Sai dai sharaɗin ceton rai bai tsaya kan masu bincike kaɗai ba, ya biyo mu har gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kusan miliyan 50, kuma kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gane ciwon, aka ba su magani daidai. Phenobarbital, mai araha, tun 1912 ake amfani da shi. Duk da haka yaro yakan faɗi a harabar coci mu ja da baya, wai yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ba a ɗaukarsa. Wani ma ya cusa masa cokali a baki, abin da ke karya haƙori. Kwantar da shi ta gefe ake yi. A Markus sura 9, Yesu hannun irin wannan yaro ya kama ya tashe shi, a gaban taron da ke kallo.