Wa ya ce «na sallama»?

A kasuwa ciniki ba ya faɗawa sai an ji daga bakin mai kaya. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce «albarka», wato a'a cikin ladabi. A ƙara dala biyar, a ja, a yi kamar za a tafi, a dawo. Sai can mai kaya ya ce «na sallama». Kafin wannan kalma akuya tasa ce, bayanta ta zama taka, alhali ko igiyar ba a kwance ba. Mu da ke karatun kimiyyar harshe muna da suna ga irin wannan magana. Wani masani ɗan Ingila, J. L. Austin, a littafinsa da aka buga a 1962, ya nuna akwai zantukan da ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa: ɗaura aure, raɗa suna, ɗaukar alkawari. «Na sallama» tana cikinsu. Malaman fiƙihu ma sun riga shi da nisa, tun da suka ce saye da sayarwa sai da ijabi da ƙabuli, kowane ɓangare da yardarsa.

To, ƴan'uwa, ga tambayata. Ka sa kiredin dala ɗari da dare, ka wayi gari dala ashirin ta yi ƙafa. Ba ka kira kowa ba, ba ka aika saƙo ba. Wa ya taya? Wa ya sallama? Sannan wadda ta fi ci mini rai: bin sawun dala ashirin ɗin nan neman hakki ne, ko zubar da girma ne?

Duk mun san hanyoyin da kuɗin ke bi. Akwai waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka, wadda sau da yawa kai mai biya ba ka taɓa jin ta ba. Akwai sakamakon ƙwallo, da tambayoyin gasa, da wani saƙo da ke faɗowa bisa fuskar salula kana tsakar danna wani abu, yatsa ya sauka kan OK. Akwai forfen intanet da ke ƙarewa ba sallama, salula ta juya ta hau cin kiredi da tsada. Akwai kuma uwarsu duka, sabuntawa da kanta: ka shiga abu sau ɗaya, ko aka ce maka kwanakin farko kyauta ne, daga nan kowane mako ana yanka har sai ka nemo lambar fita.

Ku dubi saƙon da ke biyo baya. Da Faransanci yake zuwa: «votre abonnement a été renouvelé». An sabunta. Wa ya sabunta? Jimlar ba ta da mai aikatawa, an share shi. Mu ma Hausarmu ta iya wannan ɓoyo. Muna cewa «an cire mini», ko «kiredina ya tafi», kamar wani baƙo da ya yi sallama ya kama hanya. Wasu su ce «rezo ya cinye», sai ka ce rezo akuya ne. Duk inda aka rasa mai aikatawa a jimla, an rasa wanda za a riƙe. Iska ba a kai ta ƙara.

A hutun da ya wuce na je gida, gwaggona ta miƙo mini salularta ta ce, «Ɗana, duba mini abin nan, in na sa kuɗi ba sa kwana.» Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kiredin kuwa don ta kira masu sari ne ranar kasuwa. Na buɗe saƙonni, ga su jere, ba ko ɗaya da aka taɓa buɗewa, don ba ta karatun boko. Waƙar jiran kira ce, ana cire dala ashirin duk mako. Na kira kamfanin, na danna lambar Hausa, na jira. Wata budurwa ta ɗauka, mai ladabi sosai. Na ce, «Ƴar'uwa, wa ya sa wa tsohuwar nan waƙa?» Ta ce, «Malam, sistem ya nuna an amince daga layin.» Na ce yaushe, ta wace hanya? Ta faɗi ranar, ta ce an danna 1. Ta cire waƙar nan take. Da na yi maganar mayar da kuɗin baya, sai ta ce wannan ba a hannunta yake ba, sai an je ofis da katin shaidar mai layin. Gwaggo ta ji haka ta ce, «Bar su, ɗana, Allah ya isa.» Kuɗin motar zuwa ofis ɗin sun ninka abin da za a karɓo.

Da na kawo zancen a fada, shayi bai kai na biyu ba aka rabu gida biyu. Wani aboki mai karatun shari'a ya ce ai an danna, kuma dannawa yarda ce. Ya kawo hujja mai ƙarfi: a mazhabar Malikiyya ba dole ne sai an furta ba, in ka aje kuɗi gaban mai burodi ka ɗauki burodi, ciniki ya yi ko ba wanda ya ce uffan. Gaskiya ne. Amma mi ya sa wancan ya zama ciniki? Don aikin yana nuna yarda. Ka ga burodin, ka san kuɗinsa, ka miƙa hannu da niyya. Austin ma ya ce maganar aiki tana da sharuɗɗa: in ɗan wasan kwaikwayo ya ce «na ba ka ɗiyata», ba a ɗaura aure ba. Yatsar da ta sauka kan 1 a ƙarƙashin rubutun da mai yatsar ba ta iya karantawa, ko yatsar jika ce da ya ɗauki salula yana wasa, ba ta nuna komi sai dai cewa an taɓa maɓalli. A ce ma ta yarda a makon farko. Mako na biyu fa, da na goma? Nan shirunta aka karɓa a matsayin amsa. Babu mai tumatir a kasuwar Maraɗi da zai zo ƙofar gidanka kowace Juma'a ya zare kuɗi daga aljihunka, ya ce ai ka taɓa saye kuma ba ka ce a daina ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar amsawa, don da tarbiyyarmu yake magana. Suka ce: dala ashirin fa! Mutum da girmansa ya tsaya layi kan abin da ko kofin shayi da burodi ba zai saya ba? Yi haƙuri, ka yafe, ka samu lada. Na jima ina juya wannan, don ni ma an raine ni da jin kunyar ƙirga ƙananan kuɗi a gaban mutane. Wanda ke tsayawa kan canjin dala ana ce masa marowaci.

Sai dai ku lura da kalmar «yafe». Ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an yafe wa wani. In maƙwabci ya ci bashinka ya kasa biya ka ce ka yafe, ya san hakkinka ne, ya ji nauyi, ya yi godiya, zumunci ya ƙaru. Yafiya kyauta ce, kyauta kuwa sai da mai karɓa da ya san an ba shi. Na'urar kamfani ba ta san ka yafe ba. A lissafinta kai mutum ne da ke jin daɗin waƙa, tun da ba ka koka ba. Abin da muke yi sunansa ƙyalewa, mun dai sa masa rigar haƙuri don ya yi kyan gani. «Allah ya isa» ɗin gwaggo ma ai ba yafiya ba ce, ɗaukaka ƙara ce zuwa inda ba a biyan kuɗin mota.

Ƙanƙantar kuɗin kuma ita ce ke tsare su. Da jika goma aka cire wa mutum dare ɗaya, da safe zai kasance a ƙofar ofis. Dala ashirin kuwa tana ƙasa da kuɗin kabu-kabu, ƙasa da rabin yinin da za a ɓata, ƙasa da kunyar da za a ji. Mu ƙaddara, misali kawai, mutum 100.000 aka cire wa sefa 100 kowanne: sefa miliyan 10 ke nan a mako guda, kuma ba ko ɗayansu da asararsa ta kai ya tashi daga tabarma. Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla sata. Ina cewa tsarin da ke samun riba daga kunyar mutane ba shi da dalilin gyara kansa, muddin kunyar tana aiki.

Ban ga laifin gwaggo ba da ta ce a bari. Wanda cinsa na yau yake nema a yau ba za a ɗora masa yini a layi ba. Nauyin yana kanmu, mu da ke karanta Faransanci, muke da lokaci tsakanin darasi da darasi, muka san cewa akwai hukumar ARCEP da aikinta shi ne sa ido kan kamfanonin sadarwa, har da sauraren koken masu layi. Ɗalibin da ya ƙyale dala ashirin ɗinsa yana ganin abinsa ya bari, alhali ya bar ta mutum goma da ba su ma san ana cire musu ba. Wannan kuwa ba tasa ba ce balle ya yi kyauta da ita.

Akwai yadda ake bi ba tare da hayaniya ba. Kar ka goge saƙon. Rubuta ranar da abin da ya rage kafin da bayan cirewa. In ka kira, tambayi sunan abin da aka sa maka, da ranar, da hanyar da aka ce ka amince, ka nemi a cire kuma a mayar, ka karɓi lambar kokenka. Don Allah kuma kar a sauke fushi kan mai ɗaukar kira. Wataƙila ƴar ajinmu ce da ke neman na kanta, abin da aka rubuta mata take karantawa. Zaginta ma wani salo ne na ƙyale mai laifin: ka huce, kuɗin na nan inda suke.

Wani abu ya rage da ya shafe mu musamman. Tun 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, a watan Maris na 2025 kuma kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Kamfanonin sun iya Hausa da Zabarmanci sarai in talla ce: a rediyo, a allunan bakin titi, har kiran murya suke yi. Saƙon da ke cewa za a cire maka kuɗi duk mako ne kaɗai ya maƙale a Faransanci. Wanda ya iya kiran mutum ciniki da harshen uwarsa ya iya gaya masa farashi da shi, da murya in ba ya karatu, ya kuma jira amsarsa kafin kowace cirewa.

Shawarata ga zamanmu na gaba: kowa ya zo da irin saƙonnin nan daga salularsa da ta iyayensa. Mu fassara su zuwa Hausa da Zabarmanci, jimla bayan jimla, duk inda aka rubuta «an» mu sa wanda ya yi. Abin da ya fito mu buga shi a fitowa ta gaba, kwafi ɗaya kuma a kai wa hukumar.