Laifi Ne A Biya Kuɗi A Shiga Tatsuniya?

A ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani gari wanda ba irin namu ba ne. Yana da ganuwa, da kasuwa, da fada, da jirgin ƙasa, amma ba gona a ciki, ba makaranta, ba makabarta. Da safe a kan buɗe ƙofa mutane su yi ta shiga, da dare a rufe kowa ya koma gidansa. Sunan wurin Disneyland, yana kusa da birnin Los Anjeles. Wani mai yin silima ta zane, Walt Disney, shi ya gina shi. Dā wurin gonakin lemo ne, eka 160. Aka sare itatuwa, aka kashe dala miliyan 17, aka buɗe shi ran 17 ga watan Yuli, 1955.

Aikin garin nan ɗaya ne, watau a sa mai shiga ya ji kamar ya faɗa cikin tatsuniya. Dubi dabarun da aka yi. An kewaye shi da tudun ƙasa domin kada na ciki ya hangi motoci da gidajen waje. Benayen babban titi an gina su da wayo: hawa na biyu bai kai na ƙasa girma ba, na bisansa kuma ya fi ƙanƙanta, sai ido ya ɗauka nisa ne ya sa. Fadar da ke tsakiya tsawonta ƙafa 77 ne kaɗai, amma mai kallo ya kan zaci ta fi haka ƙwarai. Dukan ma'aikata ana ce da su 'yan wasa, har mai shara, masu zuwa kuwa ana ce da su baƙi. Wanda ya sa kayan Mickey Mouse, ɓeran nan na silima, ba ya cire kan a gaban jama'a, komi zafin rana. Sa'ad da aka buɗe wani irinsa a jihar Fulorida cikin 1971, an yi hanyoyi a ƙarƙashin garin, domin ma'aikata da kaya da shara su wuce ba a gani.

Waɗansu ma sun wuce nan. Cikin 2018 aka buɗe wani wuri mai suna Evermore a jihar Yuta. An gina shi kamar ƙauyen Turai na zamanin dā. In ka shiga sai ka tarar da mutane sun yi shigar jarumawa, da mafarauta, da aljanu na almara. Su yi magana da kai kamar kai ma ɗan garin ne, su ba ka aiki, su ce ka nemo abu kaza, ko ka kai saƙo wurin wane, ko ka gwada harbin baka. Masu zuwa da yawa su kan ɗinko tufafin wasa tun daga gida. A can mai ziyara ba ɗan kallo ba ne, yana cikin labarin. An rufe wurin cikin 2024.

To, ga tambayar da za mu duba. Mutumin kirki, wanda ya ke ƙin ƙarya, ya kamata ya ɗauki kuɗinsa da 'ya'yansa ya shiga irin wannan wuri? Watakila wani ɗan'uwa za ya ce, "A'a. Fadar ba fada ba ce, jarumin ba jarumi ba ne, ɓeran kuwa mutum ne. Duk ƙarya ce aka yi wa fenti." Kada mu rena wannan magana, gama mai faɗinta yana kishin gaskiya ne. Amma bari mu tambayi kanmu tukuna, mece ce ƙarya?

Ƙarya ita ce ka sa wa mutum abin da ba haka ya ke ba cikin zuciyarsa, shi kuwa ya karɓa da cewa gaskiya ne, ba da saninsa ba. Dole ne a sami wanda aka ruɗa. Ku tuna da kakarmu da dare a tsakar gida. Ta kan ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan Gizo ya yi magana, kura ta tafi kasuwa, ba wanda ya ke ce wa tsohuwa maƙaryaciya. Don me? Domin an yi sharaɗi tun da fari, ita ta sani, su ma sun sani. Mun kuma san yadda Annabi Natan ya shirya labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya kai wa Sarki Dawuda, da labarin nan kuwa ya kai shi ga ganin laifinsa. Ashe labarin da aka shirya yana iya zama bawan gaskiya. Mutumin da ya tsaya a ƙofar Disneyland ya sayi tikiti, ya riga ya ce, "Ta zo mu ji ta." Ba a ruɗe shi ba.

Amma akwai wanda bai iya yin wannan sharaɗi ba, shi ne ƙaramin yaro. Ɗan shekara uku ko huɗu ya kan ɗauka ɓeran nan na gaske ne. Ba laifi a bar shi ya yi murnarsa. Sai dai ran da ya dubi ubansa ya ce, "Baba, da gaske ne?" to, wasa ya ƙare, ana bin uban gaskiya. Sai ya ce, "Mutum ne kamarmu ya sa kaya domin ya faranta maka rai." Yaron ba za ya rasa komi ba, za ya kuwa koyi cewa in ya tambayi ubansa zai ji gaskiya. Wannan ya fi dukan wasannin duniya daraja.

Saboda haka ba mu ga laifi cikin shiga ba. Akwai ma amfani. Mutum ba jaki ba ne da za ya yi ta ɗaukar kaya ba hutawa. Yaro mai jin kunya ya kan sami bakin magana a wurin wasa. Uban da kullum ya ke komowa gida a gajiye, 'ya'yansa su kan ga dariyarsa a can. Amma kakanninmu sun sa wa tatsuniya iyaka biyu. Ba a yinta da rana, har a kan tsorata yara da cewa mai yin tatsuniya da rana za ya ɓata, gama rana ta aiki ce. Kuma kowace tatsuniya tana da "ƙurunƙus," wurin da a ke rufe ta kowa ya tashi. Watau sun san abin tsoro ba shiga ba ne, rashin fita ne. Ƙofar fita ita ce ma'auni. Bari mu ga abu uku da mutum za ya duba sa'ad da ya ke fitowa.

Na fari, aljihunsa. Cikin 1955 kuɗin shiga Disneyland dala ɗaya ne ga babba, ban da abin da a ke biya a hau kowane abin wasa. Cikin 2019 tikitin yini ɗaya mafi araha ya kai dala 104. Mai gida da matarsa da manyan yara huɗu, dala 624 ke nan, ba a yi zancen abinci da masauki da kuɗin mota ba tukuna. A Fulorida an taɓa buɗe wani masauki cikin 2022, inda baƙi su ke kwana biyu kamar suna cikin jirgin da ke tafiya tsakanin taurari. Mutum biyu su kan biya fiye da dala 4,800. An rufe shi cikin 2023. Wanda ya tara kuɗinsa da guminsa, ya sauke hakkin gidansa, ya tuna da mabukata, sa'an nan ya kai iyalinsa, ba mu da abin ce masa sai a sauka lafiya. Amma wanda ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara, domin maƙwabta su ga hotonsa a gaban fada, shi ne ya yi ƙaryar, ba masu fadar ba. Ya nuna wa mutane arzikin da ba shi da shi. Ƙarya kuwa fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya.

Na biyu, idonsa, ko ya ga mutanen da suka yi masa hidima. Ran da aka buɗe Disneyland an yi zafi ƙwarai. Kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba, har takalman mata suna nutsewa a ciki. Famfunan ruwan sha ba su yi aiki ba, domin masu aikin famfo sun yi yajin aiki kafin ranar, ba a gama haɗa su ba. Wannan ya nuna mana cewa garin tatsuniya ma a kan hannun leburori ya ke tsaye. Cikin kayan ɓeran nan akwai ɗan wani ko 'yar wani, yana zufa, yana neman abin da za ya biya kuɗin haya. An ɓoye wahalarsa da gangan domin baƙo ya ji daɗi. In baƙo ya manta da shi sarai, har ya daka masa tsawa don layi ya yi tsawo, to, tatsuniya ta makantar da shi. Ba a ɓata wasa in an ce wa mai shara, "Sannu da aiki."

Na uku, zuciyarsa, yadda ta ke duban gida. A garin wasa ba datti, ba mai bara, ba tsoho kwance yana jiran a juya shi. Ba don an warkar da su ba ne, kuɗin ƙofa ne ya bar su a waje. Kirki yana da sauƙi a wurin da ba mai damunka. Mutum ya iya zama jarumi sa'a uku a ƙauyen wasa, ya ceci gari daga dodo, ya komo gida ya kāsa ɗebo wa mahaifiyarsa ruwa. Wani kuma ya komo yana rena unguwarsu, yana ganin matarsa da 'ya'yansa kamar su ne suka tare masa jin daɗi, ba abin da ya ke tunani sai ran da za ya koma. Wannan shi ne ya ɓata, kamar yadda tsofaffi suka faɗi. Amma wanda ya komo da sauƙin rai, da haƙuri, da labarin da za a yi ta dariya a kansa har shekara, ya fita ta ƙofar da ta dace.

Akwai wani abu cikin tarihin Walt Disney da ya kamata iyaye su ji. Shi da kansa ya ba da labarin inda tunanin nan ya fara zo masa. Ran Asabar ya kan ɗauki 'ya'yansa mata biyu ya kai su wani fili mai itatuwa a Los Anjeles, ana ce da shi Griffith Park. Wani mai arziki ne ya ba birnin filin kyauta cikin 1896, kowa yana shiga ba biya. Yaran su hau dawakin katako masu kewaya, shi kuwa ya zauna a kan benci yana cin gyaɗa. A nan ya yi tunani, ina ma a sami wurin da iyaye da yara za su yi wasa tare. Ku lura, abin da ya dame shi ba rashin fada ba ne, zaman benci ne, yara can, uba nan. Maganin wannan kuwa ba ya bukatar dala miliyan 17. Uba ya tashi daga benci, shi ke nan.

Mu da yawa ba za mu taɓa ganin Kalifoniya ba, ba kuwa abin baƙin ciki ba ne. Kowane gari yana da abin da za a kai yara su gani. Akwai dutsen bayan gari, da bakin rafi, da tashar jirgi, da maƙera, da marina, da gidan kaka a ƙauye. A can ba a ɓoye komi ba. Yaro za ya ga maƙeri da zufarsa da fartanyar da ya ƙera, duka tare. Za ya tambayi sunan tsuntsu, ya ji ƙaya ta soke shi, ya ci ɗanyar gyaɗa. Sau nawa mu kan ce ba mu da kuɗin fita da iyali, alhali kuwa lokaci ne muka hana su?

Saboda haka, ya mai karatu, in hali ya yi ka sami zuwa garin tatsuniya, ka shiga da zuciya ɗaya, ka yi dariya da 'ya'yanka, kada ka tsaya kana ɓata fuska. Ka biya da kuɗin da ke naka. Ka gai da masu aiki. In yaro ya tambaye ka, ka faɗa masa gaskiya. Sa'ad da aka rufe ƙofa, ka ce ƙurunƙus, ka koma gida da murna. In kuwa hali bai yi ba, ran Asabar mai zuwa ka kama hannun yaranka, ku hau dutsen bayan gari tare.