Sojan Gona da Amanar Suna

Sojan gona da sunan wani shi ne mutum ya ɗauki abin da ake gane ɗan'uwansa da shi, kamar katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, layin waya, lambar sirri ko hoto, ya yi hulɗa da jama'a a matsayin shi ne mai su. A Ngawundere, babban birnin yankin Adamawa na Kamaru, inda layin dogon da ya taso daga Yawunde ya tuƙe tun 1974, matsalar tana da muhimmanci na musamman. Gari ne na mahaɗa: fatake masu nufar Garwa da Marwa da Cadi, dillalan shanu, ɗaliban jami'ar garin da ke Dang, duk a nan suke haɗuwa, kuma kuɗin da a da ake ƙullewa a lalita yanzu yana cikin waya, a asusun MTN Mobile Money ko Orange Money.

Yawancin ɓarnar ba ta buƙatar gwanin kwamfuta. Dattijo ne zai tsaya gaban rumfar mai cirar kuɗi, ya miƙa wa yaro wayarsa saboda bai iya karanta Faransanci ba, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, mutum biyar na tsaye suna ji. Ko kuma a bar kwafin katin ɗan ƙasa a shagon hoton takardu, ya kwana cikin tarin takardun da ba wanda ya san inda za su ƙare. Akwai kuma mai kiran waya da murya mai daɗi, ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a taimaka a mayar masa. Asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Mai nauyin ita ce a yi rajistar layi da katin mutum, a yi damfara da shi ko a yi cinikin kuɗin fansa, abin da makiyayan Adamawa suka sha fama da shi, ranar bincike kuwa sunan mai katin jandarma za su gani.

Hukuma ta yi nata tanadin. Akwai dokar 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukan da ake yi ta cikinsa, wadda hukumar ANTIC ke cikin masu kula da ita. A 2015 an wajabta tantance duk mai layin waya, aka kuma taƙaita yawan layukan da mutum ɗaya zai riƙe a kamfani guda zuwa 3. A Disamba 2024 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane. Sai dai doka tana zuwa ne bayan aikin gama ya gama, tambayar da ke gaban Musulmi kuwa ta riga ta: mene ne matsayin sunan mutum, kuma wa ke ɗaukar alhaki idan an ci amanarsa?

Musulunci bai ɗauki suna abin wasa ba. Zaidu ɗan Harisa ya daɗe ana jingina shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har Suratul Ahzabi ta sauka da umarnin a kira kowa da sunan mahaifinsa. Idan an hana musanya nasaba ko da don ƙauna ce, ina ga wanda ya ari sunan wani don cuta? Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, nasaba da dukiya, wasu suka ƙara mutunci. Mai alhaki na farko shi ne mai sojan gonan kansa, domin yana taɓa uku daga cikinsu a lokaci guda. Ya yi ƙarya kan asali, ya ci dukiya ba da haƙƙi ba, ya shafa wa marar laifi baƙin fenti. Tubarsa ba ta cika da mayar da kuɗi kaɗai, sai ya wanke wanda ya ɓata wa suna, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi wuya.

Na biyu shi ne wanda bayanan suka shiga hannunsa ta halal: mai rumfar cirar kuɗi, mai gyaran waya, akawun ofis, mai shagon hoton takardu. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Ngawundere, mai riƙon ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da laifinsa ba, amma yana biya idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Lambar da tsoho ya faɗa wa yaron rumfa ajiya ce, ko da ba a kira ta da wannan sunan ba. Mai gyaran da ya buɗe hotuna da saƙonnin da ba a ce ya duba ba ya faɗa cikin binciken sirrin da Suratul Hujurati ta hana. Katin da aka tsinta a tasha kuwa hukuncin tsintuwa gare shi: a yi cigiya, a kai shi inda mai shi zai nema.

Na uku shi ne mai sunan kansa, kuma a nan ne mutanen kirki ke samun ruɗani. Da yawa suna jin nauyin ɓoye lambar sirri ga maƙwabci, ko hana ƙane aron kati ya yi rajistar layi, don kada a ce sun yi mummunan zato ko sun yanke zumunci. Wasu ma suna ganin taka-tsantsan rauni ne na tawakkali. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarci muminai su rubuta bashi su kafa shaidu, alhali tsakaninsu ne, ba tsakaninsu da maƙiya ba. Ke nan kiyayewa ba tuhuma ba ce, hanya ce ta tsare zumuncin kansa daga rigimar gobe. Ƙanen da aka ara wa kati yana iya zama mutumin kirki, amma waya tana ɓata, ana sayar da ita, layin ya bi hannu uku, sunan da ke kansa kuwa bai motsa ba. Bayar da aron suna ya bambanta da aron fartanya, domin abin da aka shuka da shi mai shi ne zai girba.

Saboda haka hana aron kati ba rowa ba ce a shari'a, sakin lambar sirri kuma sakaci ne ba karamci ba. Wanda bai iya karatu ba ya zaɓi amintacce ɗaya cikin iyalinsa, wanda zai koya masa danna lambar da hannunsa. Wanda katinsa ya ɓata kuma ya je ofishin 'yan sanda a ranar, ya karɓi takardar shaidar ɓata mai ɗauke da kwanan wata, domin ita ce hujjarsa idan aka yi aika-aika da sunansa daga baya.