Mai Kwance a Gado da Mai Kwana a Tabarma

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Gidajen kula da tsofaffi irin na Turai da Amurka ba abin da muka saba da shi ba ne a Adamawa. Idan jikin Baba ko Mama ya yi tsanani, inda ake nufa shi ne Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, wanda muka daɗe muna kira FMC. Likita da nas suna yin nasu aikin, amma kawo abinci da wanka da juya majinyaci da sayen magani yawanci suna wuyan dangi, kamar yadda yake a asibitocin ƙasarmu. Saboda haka kusan kowane gado yana da tabarmarsa, a gefe ko a baranda, a kanta kuwa akwai 'ya, ko matar ɗa, ko tsohuwa mai jinyar mijinta. Mutum biyu ke nan aka kwantar, ko da yake ɗaya ne kaɗai yake da kati.

Bari mu fara da na kan gado. Dattijon da jiya ake kawo masa shari'ar iyali, yau sai an ɗaga shi kafin ya kama ruwa. Wannan kunya tana cin zuciya fiye da ciwon. Muna ƙara masa ita sa'ad da muka tsaya a kansa muna tambayar mai jinya ko ya ci abinci, shi kuwa yana ji. Sau da yawa kuma, da yamma ta yi sai ya rikice, ya kira waɗanda suka mutu, ya ce a kai shi gona. Likitoci sun san wannan ruɗewa. Takan zo cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, sanadinta kuwa yakan zama ciwon mafitsara, ko wani magani, ko rashin barci, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a Maris da Afrilu da zafin Yola ke wuce digiri 40. Idan aka gaya wa nas da wuri, sau da yawa takan wuce. Dabam take da ciwon mantuwa na tsufa, wanda ke shigowa a hankali cikin shekaru, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke fama da shi a 2021. Ko wannan ko wancan, ba maita ba ce. Mai bin Almasihu da ya kira tsohuwa mayya domin ta yi sambatu da dare ya yi shaidar zur a kan marar lafiya.

Mu tuna kuma da abin da waɗannan iyaye suka gani. Da yawansu da ƙafa suka baro Madagali da Michika da Mubi a 2014, waɗansu suka kwana a harabar Majami'ar Santa Teresa a Jimeta. Ƙarar ƙofa da tsakar dare tana iya mai da su can. A irin wannan sa'a Hausa kan gudu daga bakin tsoho, ya koma Margi ko Kamwe ko Kilba na ƙuruciyarsa. Wanda zai amsa masa da harshen nan, ya faɗa masa ranar yau da inda yake, ya sa masa tabaransa, ya fi masu ziyara ashirin amfani.

To, ita ta kan tabarma fa? A nan karatunmu ya shigo. Iliya ya yi babban aiki a Dutsen Karmel, amma da barazanar Yezebel ta iso, ƙarfinsa ya ƙare. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa. Ku duba yadda Ubangiji ya bi da shi. Bai tsauta masa ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga abinci da tulun ruwa, ya ci ya sha, ya sāke kwanciya. Aka tashe shi karo na biyu, abinci ne dai. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi dalilin zuwansa.

Mu kuwa mukan juya wannan tsari. Mace ta yi mako uku ba ta yi barcin kirki ba, ta rufe shagonta, ta bar yaranta wa maƙwabta, 'yan'uwanta maza da ke Abuja da Legas suna turo kuɗi ta waya tare da umarni, sai mu zo mu ce mata ta ƙara bangaskiya. Akwai maganar da ba za ta faɗa wa kowa ba: wani dare zuciyarta ta ce da ma abin ya ƙare. Tun daga ranar take ɗaukar kanta muguwa. 'Yata, gajiya ce ta yi wannan magana, ba rashin ƙauna ba. Allahn da ya ji roƙon Iliya bai yashe shi ba. Amma idan baƙin cikin ya daɗe, abinci ya fita ranki, ko tunanin cutar da kanki ya zo, ki gaya wa likita kamar yadda za ki gaya masa zazzaɓi, ki kuma gaya wa fasto.

Ziyararmu ta bayan sujadar Lahadi abu ne mai kyau, ba na raina ta. Sai dai a ganina ta yi yawan mutane, ta yi ƙarancin lokaci. Mukan cika ɗaki, mu ɗaga murya har maƙwabcin gado, wanda wataƙila Musulmi ne ko wanda aka yi wa tiyata jiya, ya rasa sukuni, cikin minti goma mu watse. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A asibiti kuwa sai ta haɗa da zama. Mutum biyu sun isa. A gai da tsoho da sunansa, a ba shi labarin gida, a roƙe shi ya yi mana addu'a, gama har yanzu uba ne. Fasto ya kai masa Jibin Ubangiji, ya ba mai jinya ita ma, wadda ta yi makonni ba ta shiga majami'a ba.

Abin da nake roƙon kowace majalisar dattawa ta duba a zamanta na gaba shi ne jerin kwana. Zumuntar Mata ta daɗe tana kai kwanukan tuwo. A ƙara da wannan: a rubuta sunayen waɗanda za su karɓi tabarma dare ɗaya a mako, bayan an nemi yardar iyali da ta ma'aikatan ɗakin, domin mai jinya ta tafi gida ta yi wanka ta kwanta. Zumuntar Maza kada ta ce aikin mata ne, domin tsohon da ke ɗakin maza ya fi sakewa idan namiji ne ya kama shi zuwa bayan gida. Wanda zai karɓi dare ya zo da fitila da ruwan sha, ya karɓi lambar wayar mai jinya, ya kuma tambayi nas lokutan magani kafin ta tafi.