Amanar Bayanai a Ma'ajiyar Gajimare: Wuyan Wa Take?

Ma'ajiyar gajimare, wato tsarin da kamfani ko ɗan kasuwa ke aika bayanansa ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani daban, ya biya haya a adana masa su, ta yaɗu tun daga 2006 da Amazon ya buɗe hidimarsa ta S3, kamfanoni irin su Google da Microsoft suka biyo baya. Bayanan da ake aikawa kuwa ba duka ne mallakin mai aikawar ba, domin a cikinsu akwai sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu, da lissafin bashin da ake bin su, da albashin ma'aikata. Daga nan ne tambayar fiƙihu ke tasowa: idan wanda aka ba amana ya miƙa ta ga wani, sannan ta salwanta ko ta tonu, wa za a tuhuma?

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halilu su ne ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun yi bayanin wadi'a, wato dukiyar da mutum ke bai wa wani ajiya. Asalin hukuncinta shi ne mai ajiya amintacce ne, ba a ɗora masa biya idan abin ya salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Daga cikin abubuwan da suka ƙidaya a matsayin ƙetare iyaka akwai miƙa ajiyar ga wani ba tare da uzuri ba, da tafiya da ita wani gari alhali akwai amintaccen da za a bar wa. Waɗannan biyun kuwa su ne ainihin yadda ma'ajiyar gajimare ke aiki, tunda bayanan suna barin hannun ɗan kasuwa, galibi kuma su sauka a wata ƙasa, inda wata doka ke iko da su. Dokar da Amurka ta yi a 2018, alal misali, ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a waje aka ajiye su.

Ba za a gaggauta cewa ɗan kasuwar ya ci amana ba, domin malaman sun yarda da uzuri, kamar tsoron rashin tsaron wurin ajiya, kuma kwamfuta ɗaya da ke cikin shagon da gobara ko ɓarawo ko lalacewar na'ura ke iya cimmawa ba ta fi rumbun babban kamfani aminci ba. Sau da yawa ma barin bayanan a shago shi ne sakacin. Abin da ya rage shi ne izini: mai bayanan ya san inda aka kai su, ya kuma yarda.

Wuri mafi sarƙaƙiya shi ne matsayin kamfanin ajiyar kansa. Yana karɓar lada, saboda haka hulɗarsa ta ijara ce, wato haya, kuma a mashahurin zance na mazhabar, mai gadin da ake biya ba ya lamunce abin da ya ɓace ba da sakacinsa ba. Sai dai Malikiyya sun ware masu sana'a, kamar tela da marini da maƙerin zinariya, suka ce su za su biya abin da ya salwanta a hannunsu, muddin sun kafa kansu don yi wa jama'a aiki kuma suna keɓewa da kayan inda mai su ba ya gani, sai fa in hujja ta tabbatar da cewa ba laifinsu ba ne. Dalilin hukuncin maslaha ce: mutane ba su da makawa sai sun ba su kaya, kuma ba su da hanyar sanin abin da ya faru a bayan idonsu. Muhtasar ya ƙara da cewa ko mai sana'ar ya gindaya sharaɗin ba zai biya ba, sharaɗin ba ya fisshe shi. Duk wanda ya karanta yarjejeniyar da kamfanonin gajimare ke sa a amince da ita (kuma kaɗan ne ke karantawa), wadda ke taƙaita diyya zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, zai ga cewa dalilan nan biyu sun fi dacewa da su fiye da yadda suka dace da tela, ko da yake a zahiri aikinsu ya fi kama da gadi.

Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin rumbunan kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa a watan Maris na 2021 ta fito da wannan fili, domin wasu da suka biya kuɗin kwafi na biyu sun tarar an ajiye kwafin a wuri ɗaya da na asali, duka suka ƙone, kuma a 2023 wata kotun kasuwanci a Lille ta umarci kamfanin ya biya wasunsu diyya. A wani ɓangaren kuma, satar bayanan mutane kimanin miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka a 2019 ta faru ne ta wata kafa da aka bari a saitin tsaro na bankin, ba a ginin Amazon da ke riƙe da bayanan ba.

Misali na biyun ya nuna inda babin wadi'a shi kaɗai ba ya wadatarwa. Buhun gero idan an sace shi ya bar rumbu, ana kuma iya biyan kwatankwacinsa, amma bayanai ana kwashe su alhali suna nan daram, kuma asirin wanda ake bin bashi ko mara lafiya idan ya tonu babu kuɗin da zai mayar da shi. Wannan ya shiga babin amanar sirri da rufin asirin mutane, wanda ba ya sauka daga wuyan mutum don ya ɗauki ɗan haya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma a kan haka ta tsaya, inda ta bar nauyi a kan wanda ya tattara bayanan ko da wani ne ke sarrafa masa su.

Saboda haka hukuncin da ya fi ƙarfi shi ne, kamfanin gajimare ya cancanci a lamuntar da shi abin da ya salwanta a rumbunsa, amma ɗan kasuwar da bai sanar da masu bayanai ba, bai kulle su da mabuɗin sirri kafin aikawa ba, bai ajiye kwafi a wani wuri daban ba, ko ya bar kalmar shiga a hannun yaron shagon da ya sallama, shi ne mai sakaci, kuma shi za a fara tambaya.