Bayan Ruwa Ya Janye: Darasi Daga Nehemiya

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shiga birnin Maiduguri. Ruwa ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Shehun Borno, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, aka sāke buɗe sansanin Bakassi domin karɓarsu. Rabon birnin da irin wannan ambaliya tun 1994.

Kafin motocin agaji su iso, maƙwabta ne suka fara ceto. Samari sun goya tsofaffi, masu kwale-kwale sun kwashe yara, waɗanda ruwa bai kai gare su ba suka buɗe ƙofofinsu. Amma ceto aikin kwanaki ne, sāke gini kuwa aikin shekaru. Wa zai ɗauki wannan kaya?

Littafin Nehemiya sura 3 yana da amsa. Sa'ad da aka tashi gyaran garun Urushalima, ba a jira ma'aikata daga fadar sarkin Farisa ba. Firistoci, da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da 'yan kasuwa, kowa ya kama sashensa, da yawa kuwa sun gyara wurin da ke kusa da gidajensu. Masu mulkin gundumomi ma ba su tsaya ba da umarni kawai ba. Shallum, mai mulkin rabin gundumar Urushalima, ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Manyan Tekowa ne suka ƙi sa hannu, aka kuma rubuta ƙin nasu har wa yau. Cikin kwana 52 aka gama garun, gama talaka da mai mulki sun tsaya a gini ɗaya.

Haka ya kamata ya zama a unguwa kamar Umarari. Bulama, da fasto, da liman, da shugabar zumuntar mata, su ne suka san gwauruwar da ba ta da mai gyara mata ɗaki, da gidan da ya karɓi baƙi har hatsinsa ya ƙare. Baƙon da ya zo da takardar rajista ba zai san wannan ba. Saboda haka aikin farko na ekklesiya shi ne ta riƙe lissafi na gaskiya. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su rufe maganar ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida. Wanda ya rubuta sunan ɗan'uwansa sau biyu, ya bar maƙwabcinsa Musulmi da ya rasa kome, ya ɓata sunan Almasihu. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba.

Duk da haka, ƙwazon jama'a ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da magudanan ruwa, da titunan unguwa, da kasuwanni, da kwashe shara. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne: a Oktoba 2024, makonni kaɗan bayan ambaliyar, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara. A Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Don haka mazaunin Maiduguri ko Jere yana da iko ya tambayi kansilansa, cikin ladabi, inda aka kwana a kan magudanar unguwarsu. Wannan ba tawaye ba ne. Nehemiya kansa, a sura 5, ya tsawata wa manya da ke ba matalauta bashi da ruwa, ya kuma ƙi karɓar abincin da ake ba gwamna domin nauyin da ke kan jama'a. Mai bi da Allah ya ba kujerar kansila ko ciyaman, ga madubinsa.

Iyali Kirista kuwa ba sai ya jira wata masifa ba. Ya yashe magudanar ƙofar gidansa kafin damina, ya daina zuba shara a ciki, ya adana takardunsa a wuri mai tudu, ya halarci taron unguwa, ya koya wa yara cewa baikon taimako ibada ce. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ubangiji ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya ba masu mulki tsoronsa, ya ƙarfafa hannuwan masu gini. Amin.