"Yaushe Aka Yi Haka?"

Wata baiwar Allah ta taso daga Gwaram har Birnin Kudu, wai in yi mata ruƙya, kanta ya fara taɓuwa. Na ce mene ne alamar? Ta ce maigida ya ranci kuɗin awakinta, da ta tuna masa sai ya ce, "Yaushe aka yi haka? Aljanunki dai sun motsa." Kullum haka, har ta daina yarda da tunaninta.

'Yan uwa, wannan zalunci ne. Wallahi cin kuɗin ya fi sauƙi a kan sa mutum ya riƙa zargin hankalinsa.

Ban yi ruƙyar ba. Na tuna mata aya ta 282 cikin Baƙara, wadda ta yi umarnin rubuta bashi da kafa shaidu. Na ce ta fara rubutawa, ta kuma sanar da waliyyinta.